Tsokar da Baba ya bari a Sheda

Babana bai taɓa yarda ya bar ko da farcensa a Abuja ba. Ya daɗe yana da shagon kayan gini a Mararaba, siminti da rodi da kwanon rufi, amma in ka tambaye shi inda yake zaune sai ya ce Zariya. Abuja a wajensa kasuwa ce da ya zo ci, kuma ba a tarewa a kasuwa. Innarmu tana can gida, ko sau ɗaya bai kawo ta ba. In wanzami zai yi masa aski, sai ya shimfiɗa ƙyalle a kafaɗa ya tattara gashin tsaf. In ya yanke farce ya tsince. Duk ya zuba a wani tsohon gwangwanin madara, in ya je gida ƙarshen wata ya tona rami a gindin katanga ya binne.

Binne gashi da farce ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Haka muka taso muka ga manya suna yi, domin jikin ɗan Adam abin girmamawa ne, ba a jefa shi a bola. Abin da ya zama na Baba shi kaɗai shi ne wannan jigila da yake yi da su daga gari zuwa gari. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Baba, ita ƙasar Abuja ba ta Allah ba ce?"

Ya ce, "Ta Allah ce, Uwata, amma katafila aka ba wa aronta. Ki binne abu yau, gobe a tone shi a ɗora bene."

Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Kuma gaskiyarsa ce game da katafila. Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, gari ya buɗe, gini ake ta ko'ina kamar ana tsere. Wurin da ka sayi gasasshiyar masara wancan watan, wannan watan ka tarar an kewaye shi da kwano ana zuba kankare. Ni ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, ina zaune a Karu da maigidana da yara. Na yi na yi da Baba ya dawo wajenmu ya ƙi, wai shi ba zai kwana gidan suruki ba. Ɗan ɗakin da ke bayan shagonsa ya fi masa.

Da bazara wani kumburi ya fito masa a gefen wuya. Ya ce kaluluwa ce, za ta baje. Ba ta baje ba, sai ma ta yi tauri, shi kuma ya fara ramewa yana zufa ko da dare ya yi sanyi. Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya ce sai an yanki ɗan abin an duba, kuma a gabana ya nemi izinin Baba: akwai wata mai bincike a Sheda da ke nazarin irin wannan ciwo, in ya amince za a ba ta ɓangaren abin da aka yanka. Baba ya ce a kai mata, ai duba abu ba laifi ba ne. Babu wanda ya ɓoye masa komai. Mu dai a ganinmu abin da aka kai ɗakin bincike ya tafi ke nan, har ba ma ganin akwai abin faɗa. Shi kuma a ganinsa aro ya bayar, kuma duk ɗan mutunci yana mayar da aro, shi ma bai ga abin faɗa ba.

Sakamako ya nuna ciwon daji ne. Aka fara ƙara masa ruwan magani, irin mai zubar da gashi da hana cin abinci. Kumburin ya sace, muka yi murna, sannan ya dawo da 'yan'uwansa a hammata. Da damina ta kankama Baba ya ce ya isa haka, zai koma gida. Likitan bai ja maganar sosai ba, ni kuma na gane abin da shirunsa ke nufi. Na fara haɗa masa kaya, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Ki karɓo mini namana tukun."

Na je asibiti, suka ba ni ɗan abin da ya rage a wajensu cikin ƙaramar kwalba, ba gardama. Na kawo masa ina jin na gama. Ya juya kwalbar ya dube ta, ya ce, "Na wajen matar nan fa?"

Nan raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Mutum yana kwance a ɗakin da rufinsa kwano ne, ga hayaniyar motocin Mararaba tun asuba, ga Inna can tana aiko saƙo kullum, ga jikinsa yana raguwa a kan idona, shi kuma yana cigiyar abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Tsorona ɗaya ne: kada ya yi ta jira har ƙarfin hawa mota ya ƙare masa, ya mutu a garin da ya ƙi bar wa ko gashinsa. Na faɗa masa haka, har da ɗaga murya. Ya bari na gama sannan ya ce in ba zan iya ba, shi zai hau motar haya ya je. Hali zanen dutse ne. Na nemi lambar matar a wajen likita na kira ta.

Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce naman nasa ne, ba wanda zai hana shi, amma akwai abin da ba zai faɗu a waya ba, gara in zo in gani. Da Baba ya ji haka ya ce ai mai abu shi ya kamata ya gani. Washegari da safe na kwantar masa da kujerar gaba ta motata, ya sa gwangwaninsa a aljihun babbar riga, muka kama hanya.

Daga Mararaba zuwa Sheda sai ka ratsa Abuja daga wannan kunne zuwa wancan. Muka sha cunkoso, muka wuce ta cikin gari inda injinan ɗaga kaya suka tsaya cirko-cirko a saman gine-gine, muka bi ta Gwagwalada. Daga nan gari ya sake mu. Gonaki suka fara, kunyoyin doya sun yi kore shar, matan Gwari suna tafe a gefen titi da kaya a kafaɗa. Baba ya sauke gilashi ya shaƙi iska ya ce ashe akwai sauran ƙasa a Abuja.

Matar ta tarye mu a bakin ƙofa. Gajeriya ce, ba za ta girme ni ba, da tabarau da farar rigar aiki. Mutuniyar Filato ce, Hausarta irin ta Abuja, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ta rusuna ta ce, "Baba, da kanka? Sannu da hanya. Ya jiki?" Ta ce sai mun cire takalma mun sa nasu, mu wanke hannu, mu ɗora farar riga. Cire takalmin ya yi wa Baba daɗi, ya ce wurin da ake tuɓe takalmi ba ya rasa albarka. Farar rigar kuwa a kan babbar riga ta ƙi rufuwa, ya tsaya hannuwa a buɗe, na yi dariyar da na daɗe ban yi ba.

Ɗakin sanyi ƙalau, ba ƙara sai gunjin injin wuta daga waje. Ta buɗe wani akwati mai kama da firji, sai dai shi ɗumi ne a cikinsa, daidai ɗumin jikin mutum in ji ta. Ta ɗauko wata kwalbar roba shafaffiya, ba ta fi tafin hannu ba, da ɗan ruwa ja-ja a kwance a ciki kamar zoɓon da aka tsinka. Ta ce, "Ga shi, Baba."

Baba ya duba ya ce, "'Yata, nama na bayar, ba ruwa ba."

Ta ce naman ne. Ta yi bayani da Hausa, inda ta maƙale ta juyo gare ni da Turanci in ƙarasa. Tsokar da aka kawo mata ta warware ta zuwa 'yan ƙananan ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi ta, waɗanda ido ba ya gani, ta zuba su a wannan ruwa mai abinci. Yawancin lokaci irin waɗannan ƙwayoyi in sun bar jiki ba sa daɗewa. Nasa kuwa sun zauna, sun ci, suna ta rabuwa biyu-biyu, har abin da ke hannunta yanzu ya fi wanda aka kawo mata yawa.

Ta ɗora kwalbar a ƙarƙashin madubin da suke ganin ƙwayoyi da shi, ta daidaita, ta jawo wa Baba kujera. Ya cire hula, ya kanne ido ɗaya, ta ce ya buɗe duka biyun. Ya daɗe a sunkuye. Can ya ce a hankali, "Tabarakallahu ahsanul khaliƙin." Bai ɗago ba ya yafito ni.

Na leƙa. Fili ne mai haske, cike da 'yan dunƙule-dunƙule masu sheƙi, sun manne wa juna gungu-gungu kamar ƙwan kwaɗo a bakin tafki. Kowanne da ɗan zobensa na haske. Ni da na yi makaranta na san da zaman ƙwayar halitta, na zana ta a jarrabawa na ci maki. Amma gani ya kori ji. Wannan ba zane ba ne, mahaifina ne, ga shi zaune kusa da ni yana numfashi da ƙyar, ga shi kuma a cikin kwalba yana ta ƙaruwa. Wani irin tsoro ya kama ni, ba irin wanda ke sa gudu ba, irin wanda ke sa mutum ya rage murya.

Baba ya mayar da hularsa ya gyara zama. Na san wannan zama, shi yake yi in zai yi magana da ɗan kwangila. Ya ce, "Tambaya ɗaya na zo da ita. Abin nan jikina ne ko cuta ce? In cuta ce, ki riƙe abinki, ba ni da haƙƙi a kanta. In jikina ne, ki ba ni in kai shi gida."

Ta gyara tabaraunta. Sannan ta ce akwai wata ƙwayar cuta, irin wadda ake kira bairos, da kusan kowa ke ɗauke da ita tun yana yaro. Ta yawu take shiga, ko ta cokali, ko ta lomar da uwa ta tauna ta ba ɗanta. Ta ce tana jikinta, kuma da wuya in ba ta jikina. Takan shige cikin wasu ƙwayoyin jini ta lafe, mutum ya tsufa ya mutu ba ta taɓa ce masa uffan ba. Sai a wasu mutane ƙalilan, in jiki ya raunana ko wani abu ya goce a cikin ƙwayar jinin, cutar ta sami hanya.

Baba ya ce, "Sai bango ya tsage."

Ta ce haka ne. Ta ce bairos ɗin ba ya cin nama, ba ya sara, ba ya dafi. Abin da yake yi shi ne ya ƙera wasu 'yan sinadarai nasa, furotin ake ce musu, ya sake su a cikin ƙwayar jinin. Ita kuwa kowace ƙwaya tana ɗauke da umarnin da mutum ya gada daga iyayensa, mai gaya mata yaushe za ta rabu biyu, yaushe za ta tsaya. To, furotin ɗaya yakan je bakin ƙwayar ya zauna yana ta aika saƙon a ƙaru, kamar jiki ne ya aiko shi. Wani ya shige ciki ya buɗe umarnin ƙaruwa ya hana shi rufuwa. Wani kuma ya je ya danne umarnin tsayawa.

Ta ga kamar ta yi nisa, sai ta tambaye ni sana'arsa. Da na faɗa mata ta yi murmushi ta ce, "Yawwa. Baba, ka ɗauka kana gini. Bulo naka, siminti naka, magina naka, zanen gidan ma naka. Sai wani ya shigo ya ce shi ne oga. Bai kawo ko shebur ba. Kawai yana cewa ku ɗora, ku ɗora, ya kuma sa hannu ya rufe wurin da zanen ya ce a tsaya a yi rufi."

Baba ya gyaɗa kai ya ce ya sha ganin irin ginin, kuma ya san ƙarshensa.

Ta ɗauko wani hoto baƙi mai gajerun layuka farare jere-jere. Ta ce umarnin ba ya ganuwa a madubi, amma akwai dabarar da suke gane wanda ke aiki da wanda aka danne, kuma aikinta ke nan. Jeri ɗaya na lafiyayyen jini ne, ɗayan na ƙwayoyin Baba. Ta nuna wani layi mai kauri da haske a jerinsa, ta ce wannan shi ne a ƙaru, dubi yadda yake ihu. Sannan ta sa yatsa a wani wuri da babu komai, baƙi kawai, alhali a ɗaya jerin akwai layi. Ta ce nan kuma umarnin mutuwa ne.

Na ɗauka ban ji daidai ba, na sa ta maimaita da Turanci. Ta ce haka ne, kowace ƙwaya a jikin mutum tana ɗauke da umarnin mutuwarta. In ta tsufa ko ta lalace, sai ta bi umarnin ta mutu salin-alin, maƙwabtanta su share wurin. Ta ce yanzu haka da muke zaune ana yi a jikin kowannenmu, kuma da ba a yi da ba mu kai haka ba. Waɗannan na cikin kwalba an rufe musu wurin ne, shi ya sa ba sa tsayawa.

Ban taɓa jin abin da ya girgiza ni irin wannan ba. Ni a sanina mutuwa daga waje take zuwa, ranar da aka aiko ta. Ashe tana nan a ninke cikin kowane ɗigon jikina tun ina ciki, kuma ita ce ke riƙe da ni. Baba ya daɗe yana kallon baƙin wurin nan da ba komai. Ya ce, "Wato duk lafiyar da na yi a duniya, masu yarda su mutu ne suka riƙe mini ita." Ya share ido da hannun farar rigar.

Sannan ya ce, "Ba ki amsa mini ba."

Ta ce, "Naka ne, Baba. Muryar ce ta baƙo, amma jikin naka ne duka."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro gwangwanin ya ajiye a kan tebur. Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce ba za ta iya ba shi haka ba, sai ta zuba musu maganin da zai kashe su tukun, don ba a fita da su da rai. Ba zai ɗauki lokaci ba.

Baba ya ce, "Kashe su?"

Ta ce e.

"Yanzu da ransu ke nan?"

"Suna ci, suna numfashi irin nasu, suna haihuwa. Ban san sunan da zan ba shi ba in ba rai ba."

Ya sake sunkuyawa kan madubin ba tare da an ce ya duba ba. Ni dai addu'a nake ya ce a zuba mu tafi, don rana ta yi sama kuma na ga ya gaji. Da ya ɗago sai ya mayar da gwangwanin aljihu. Ya ce gashi in ya bar kai ya mutu, farce ma haka, shi ya sa ake binne su. Shi bai taɓa jin inda aka binne mai rai ba, kuma ba zai sa a kashe abu don kawai ya sami na binnewa ba. Ya tambaye ta wa ke ba su abinci. Ta ce ita, har ranar Lahadi in ta taso daga coci takan biyo. Ya ce Allah ya yi mata albarka. Ya juyo gare ni ya ce, "Uwata, ranar da ransu ya fita, ki kawo su gida."

Matar ta ce, a hankali, in dai ana kula da su ba lallai ran ya fita ba. Ya ce, "Kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne. Ba a dai gaya musu ba tukun."

A satin na kai shi Zariya. Ya ga Inna, ya kwanta a ɗakinsa, ya sha kunun da yake so. Ya kai har aka fara girbin gero. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labarin abin da ya gani a Sheda, yana kwatantawa da yatsu, har wasu suka ɗauka ciwon ne ya taɓa masa kai. Ya rasu wata Alhamis da hantsi, aka kai shi kafin la'asar.

Bayan an share makoki ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya kira ni zaure. Su biyu ke nan uwarsu ta haifa, kuma shi mutum ne mai kaifi ɗaya, ba ya son zance mai reshe. Ya miƙo mini wani farin ƙyalle a ninke, ya ce ragowar likkafanin ne. Ya ce ya ji labarin kwalbar nan har ya gaji. Mutum in ya mutu ya mutu, abin da ya saura a Abuja ko dai namansa ne, a kawo a sa kusa da shi tun ƙasar ba ta bushe ba, ko kuwa cutar da ta kashe shi ce ake kiwo kamar kaza. Ko wanne ne, bai ga dalilin barinsa ba. Na gaya masa wasiyyar Baba. Ya ce wasiyyar ta ce a kawo su gida, shi abin da ya ji ke nan.

Ban yi musu ba, don zuciyata tana tare da shi. A kwanakin nan na tsani abin da ke cikin kwalbar nan. Na ga yadda ya cinye mutum mai ɗaukar buhun siminti shi kaɗai har ya koma ana juya shi a shimfiɗa. A ce shi yana ƙarƙashin ƙasa, su kuma suna can cikin ɗumi ana kai musu abinci har ranar Lahadi! Ina komawa Abuja na kira matar na ce ina zuwa, ta shirya maganinta.

Ta yi mini ta'aziyya a bakin ƙofa, ta riƙe hannuna da hannu biyu. Ba ta roƙe ni komai ba. Ta jera kwalaben a kan tebur, sun zama uku, ga wasu 'yan ƙanana da ta ciro daga wurin daskarewa, ga jarkar maganin a gefe. Ta ce duka ke nan, ba ta rage ko ɗaya ba. Ta ce ta koyi abubuwa daga gare su, da sauran abin koyo, amma wannan ba matsalata ba ce. In na ce ta zuba za ta zuba.

Na lura ruwan ya canja, ya koma ruwan ɗorawa. Na tambaye ta ko sun lalace ne. Ta ce a'a, haka yake yi in sun cinye abincin da ke ciki. Tun da na kira ta ba ta sake musu ruwan ba, tunda ba amfani.

Ban san abin da ya sa na ce bari in duba ba. Ta daidaita mini madubin. Suna nan yadda na bar su, gungu-gungu, sai dai sun fi cunkushewa. A gefen wani gungu na ga ɗaya ta yi tsawo, tsakiyarta ta shiga ciki kamar an ɗaure ta da zare. Na tambaya, ta leƙa ta ce rabuwa take yi. Na zauna ina kallo, ƙyallen yana kan cinyata. Ba ta sauri, ba ta kuma fasawa. Ba ta san an yi wa mai ita wanka ba, ba ta san an yi masa salla ba. Umarnin da take bi ɗin nan shi ne wanda kakata ta ba Baba, shi kuma ya ba ni rabi. Duk faɗin duniya babu sauran wurin da jikin Baba ke motsi sai nan, kuma abin da ya kashe shi ne ya hana wannan ɗin mutuwa. Na nemi tsanar da na taho da ita tun daga Zariya, na rasa inda ta shiga. Kuka ya zo mini irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da shi.

Matar ta jira har na lafa. Ta ce, "Madam, in zuba?"

Na ce, "Yunwa suke ji. Ki ba su abinci."

Ta dube ni ta tabbatar, sannan ta mayar da jarkar ƙarƙashin tebur, ta sa safar hannu. Na tsaya har ta gama, ta mayar da su cikin ɗumi ta rufe.

A cikin mota, kafin in tayar, na kira Baba Ƙarami. Gara in sha faɗan tun da zafinsa. Na ce masa na je, na gani, ban iya ba. Na ce da ransu, Baba Ƙarami, na ga ɗaya tana rabuwa biyu da idona, kuma bakina ya ƙi furta a kashe. Na ce ya yi mini duk hukuncin da ya ga dama.

Ina jin kukan awaki daga can gidan. Da ya yi magana muryarsa ta sauka, ba irin wadda na sani ba.

Ya ce, "In na zo Abuja, za su bar ni in gan shi?"